Kada Ki Haɗa Bilic da Ruwan Batir

Kura, 9 ga Maris, 1986

Zuwa ga ƙanwata Ruƙayyatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da surukarki Hajiya. Allah Ya ba ta sauƙi, Ya ba ki ladan jinya. Mu ma lafiya. Yau kwanana hamsin cikin takaba. Tumatirin da Malam ya dasa kafin ya kwanta ya nuna, ƙaninsa Maikuɗi ke tsinka. Ban iya cinsa ba tukuna.

Dalilin wannan takarda shi ne in janye maganar da na faɗa miki da kika zo ta'aziyya. Kin tambaye ni yadda za ki raba ɗakin Hajiya da zarni, na ce ki zuba ruwan batir cikin bilic ki wanke siminti. Ji na yi a bakin mata, ban taɓa gwadawa ba. Kada ki yi.

Ranar Laraba ni da Talatu matar Maikuɗi muka shiga wanke ɗakin da Malam ya yi jinya. Na rufe taga saboda maza masu wucewa bakin kanal ɗin ban ruwa, tunda ina takaba. Talatu na haɗa bilic da ruwan batir a bokiti sai wani wari ya taso, ya shaƙe mu, idanu na ruwa. Ni na rarrafo waje, ita sai janyo ta aka yi. Kwananta biyu a asibiti, har yanzu tana tari. Malamin asibiti ya ce haɗin nan guba yake fitarwa, yana iya kisa. Ya ce bilic ruwa kaɗai ake sirka shi da shi, ban da maganin masai, ban da lemon tsami. Idan akwai fitsari a fara ɗauraye shi da ruwa, a buɗe taga da ƙofa, a fitar da mara lafiya tukuna.

Rigakafi ya fi magani. Ɗakin Hajiya ba shi da taga, ita kuma ba ta iya tashi da kanta.

Ki gaida yara, Hawwa da Dattijo. Direban da zai kawo miki takardar nan Legas da tumatir zai juyo ranar Asabar. Ko layi ɗaya ne ki ba shi, in san takardar ta iso kafin ki gwada.

Taki yaya,
Tambaya