An Buga Hotona a Kalanda, Wai Marainiyar da Aka Tsinta a Titi

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin don Allah a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana shida ke nan raina yana tafasa, kuma ina tsoron in yanke hukunci cikin fushi in jawo abin da ya fi ƙarfina.

Ni tsohuwar malamar firamare ce, na yi ritaya, ina zaune a Tudun Murtala da 'ya'ya da jikoki. Amma a Nassarawa GRA na tashi, a boskwata, lokacin da kuɗin fetur ya shigo ƙasar nan, kowane gida ka leƙa sabuwar mota, kowane Oga yana neman kuku da gadina da direba. Babana kuku ne, daga wani ƙauye ta wajen Ringim ya zo, ya koyi girki a hannun Turawa, har ya zama matan unguwar suna aron sa idan za su yi baƙi. A gidan wani babban ma'aikacin kamfani yake aiki. Matar gidan, da muke kira Madam, Kirista ce, 'yar Arewa, Hausa a bakinta kamar ni da ku, kuma ita ce shugabar zumuntar mata a cocinsu. Mu Musulmi ne, kuma wallahi wannan bai taɓa zama matsala ba, da Sallah Inna ta aika musu tuwo da nama, da Kirsimeti su aiko mana cincin. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya juya min magana ta koma ta addini.

Ina da shekara tara Madam ta fara rabon kayan Kirsimeti ga marayu da marasa ƙarfi, a filin gidanta ƙarƙashin bishiyoyin mangwaro. Shekarar ce Babbar Sallah ta zo dab da Kirsimeti, don haka ina cikin kayan Sallata, atamfa sabuwa da Baba ya ɗinka min, da takalmi mai maɗauri, da 'yan kunne, ga lalle a ƙafa. Baba ya kwana uku a tsaye yana soya kaji yana dafa shinkafa don taron. Akwai wasu baƙi Turawa da suka zo daga cocin ƙasar waje, su ne suke turo katan-katan na tufafi, kuma suna son hotuna su koma da su. Motar da aka tura ɗauko yara daga Gawuna ta lalace a hanya, baƙin kuma jirgi zai tashi da su da yamma. Sai Madam ta hango ni ina leƙe ta bayan shinge, ta yafito ni tana murmushi, ni kuwa na taho da gudu ina murna an kira ni wajen manya.

Ta ja ni bayan gareji, ta sa mai aikinta ta cire min atamfar da takalmin da 'yan kunnen, aka sa min wata tsohuwar singileti da direba yake goge mota da ita, har yau ina jin warin man a hancina. Aka tsayar da ni jikin bango ƙafa ba takalmi, aka ce kada in yi dariya, Madam ta sunkuyo tana miƙo min katan, mai hoto yana ta ɗauka. Ana cikin haka Baba ya fito daga kicin da faranti a hannu. Mutum ne da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya ajiye farantin a ƙasa, ya kwance farin gyauton aikinsa ya lulluɓe ni da shi, ya ɗauke ni, sannan ya juya ya ce da Turancin da ya koya a kicin, yadda baƙin za su ji: "Wannan 'yata ce. Ba marainiya ba ce. Ni ne ubanta, ni na dafa abincin da kuke ci."

Kafin sabuwar shekara an sallame shi. Kwana biyu aka ba mu mu kwashe kayanmu, Inna da tsohon ciki. Kuma Madam ba ta tsaya nan ba, ta bi ƙawayenta gida-gida tana cewa kukun nan ba shi da kunya, ya ci mutuncinta gaban baƙi. A lokacin da ake rububin kuku a GRA, babana ya yi wata huɗu yana yawo da takardun shaidarsa a leda, ba wanda ya ɗauke shi. Ƙarshe teburin shayi ya kafa a bakin titi a Tudun Murtala, mutumin da ya iya girki kala-kala ya koma fasa ƙwai da yanka burodi, a kan teburin nan ya tsufa, da shi ya yi mana makaranta, har Allah ya karɓi abinsa. Bai taɓa tayar min da maganar ba ko sau ɗaya. Ni ce na girma ina ganin kamar da ban amsa kiran nan ba, da ba mu shiga wannan halin ba.

Na ɗauka abin ya wuce. To ina da aminiya, zan kira ta Saratu, Kirista ce, mun koyar a makaranta ɗaya fiye da shekara ashirin, yanzu tana Badawa, mijinta ya rasu, ɗanta ma ya rasu ya bar mata jikoki huɗu. A cocin su Madam take, kuma rabon nan da aka fara a gabana har yanzu ana yin sa, ya ma girma, duk Kirsimeti zawarawa da marayu suna samun shinkafa da mai da kayan sawa, har da Musulmi maƙwabta, ba a tambayar addinin kowa. Saratu tana cikin masu karɓa. Ranar Alhamis ta zo min da murnarta, ta kawo min kalandar da aka buga don bikin tunawa da fara rabon, za a karrama Madam, wai uwar marayu. Ina buɗewa na ga kaina. Ni ce, da singiletin nan, da idona cike da hawaye, Madam tana miƙo katan. A ƙasa an rubuta da Hausa da Turanci, wai marainiya ta farko da Mama ta tsinta a bakin titi ba uwa ba uba. Saratu ta ce har an yi ƙatuwar bana, wato allon yadi, da hoton an rataye a ƙofar coci, duk mai wucewa yana gani.

Jama'a, ubana da ya rasa aikinsa don ya ƙaryata wannan maganar, shi aka sake kashewa a takarda. Innata tana raye, tana ɗakin da ke kusa da nawa, idonta ne kawai ya yi rauni, ita ma an rubuta babu ita. Ban ma iya gaya mata ba har yanzu.

Washegari na sa hijabina na tafi cocin, Saratu ta raka ni. 'Yar Madam ce shugabar kwamitin yanzu, wadda muka yi wasan 'yar tsana tare a bayan gidan nan. Ta gane ni sarai, har ta kira sunana na yarinta. Na yi mata bayani cikin ladabi, na ce a sauke banar, a gyara rubutun, a faɗi gaskiya. Ta ce kalanda an riga an buga an raba, Mama ta tsufa ga ciwon zuciya, ba za a tayar mata da hankali kan abin da ya wuce ba, kuma wa zai gane ni a hoton yarinya? Wai ma kamata ya yi in yi alfahari, hoton nan ya jawo taimako ga yara da yawa tsawon shekaru. A nan na gane ashe ba yau aka fara amfani da shi ba, tun lokacin ake yawo da ni ƙasa-ƙasa ban sani ba. Da na ce ai uwarta ta san ƙarya ce, ita ta sa aka tuɓe ni, sai ta ce in iya bakina, ina cikin harabar coci. Abin da ya ƙarasa ni, ina fita ta sa aka bi ni da buhun shinkafa da galan na mai, wai in kai wa jikoki. Na ce a mayar mata. Wallahi da ba don girma da furfura ba, da abin da zan faɗa a wurin ba zai rubutu ba.

Faston, yaro ne matashi sa'an ɗana, shi ya biyo ni har bakin get yana ba ni haƙuri. Ya ce, "Mama, an zalunce ku, kuma ƙarya ba ta da wuri a ɗakin Allah, ni ban san tarihin hoton ba." Ya ce zai yi magana, amma bai ɓoye min ba, iyalin Madam su ne suke ɗauke da mafi yawan kayan rabon, 'ya'yanta na waje su suke turowa, kuma 'yar ta riga ta ce idan aka kunyata uwarsu za su janye hannu, bana ba rabo. Na ga gaskiya a fuskarsa, na kuma ga tsoro.

Yanzu gidana ya rabu. Babban ɗana ya ɗauki hoton kalandar a waya, ya ce zai watsa a soshiyal midiya da sunan cocin da sunan Madam, duniya ta gani. Ƙanena, wanda shi ne cikin da Inna take ɗauke da shi lokacin da aka kore mu, ya ce shi ba ruwansa da waya, zai tara samari su je su yage banar. Na rantse musu duk wanda ya motsa ban yafe ba. Na san garin nan, na ga abin da ya faru a baya, da zarar an ce coci ta tuɓe 'yar Musulmi, ba wanda zai tsaya jin shekara nawa da yin abin, ko mace ɗaya ce ta yi, kuma wanda wutar za ta ci su Saratu ne da jikokinta, ba Madam da take kwance cikin sanyin esi a GRA ba. 'Yata kuma lauya take so a ɗauka, a rubuta musu takarda. Saratu ta zo jiya tana kuka, ta ce ita ta fasa karɓar kayan, kuma ranar bikin za ta miƙe a gaban kowa ta faɗi wace ce yarinyar. Na ce kul, na san abin da yake cikin tukunyarta, na san yaran nan tun watan jiya suke lissafin Kirsimeti.

Amma kuma in yi shiru? In zauna ranar Lahadi ina ji ana tafa wa matar nan, ana ba ta lambar yabo a ƙarƙashin hotona? Duk wanda na gaya wa sai ya ce in bar wa Allah. Na bar wa Allah shekara da shekaru, ban je neman kowa ba, su suka rataye ni a bakin titi. Kuma abin da yake ƙara ƙona min rai, ni aka zalunta, amma ni aka ɗora wa nauyin yaran, wai idan suka rasa abinci laifina ne, ba laifin masu cewa ko a bar ƙaryarsu ko su janye ba. Wane irin taimako ne wannan, da sai an yi garkuwa da marayu?

Na yi tunanin in je gidan in sami Madam ita kaɗai, in dube ta ido da ido in tambaye ta ko ta tuna kukunta, amma ina tsoron in ciwonta ya tashi a ce ni na kashe ta, kuma ban yarda da bakina ba a halin da nake ciki.

Saura kwana huɗu bikin. Musamman 'yan uwa Kiristoci da ke zauren nan, ku da kuka san yadda ake tafiyar da coci, akwai wani na sama da kwamiti da zan kai wa kuka a sauke hoton ba tare da an taɓa rabon ba? In bar lauya ya rubuta? In je wajen tsohuwar? In gaya wa Inna ko in bar ta? Don Allah kada wanda ya zagi addinin wani a ƙarƙashin wannan rubutu, ba shi na zo nema ba. Ku gaya min gaskiya, idan ku ne, za ku wanke sunan mahaifinku da yake kabari ko da yara huɗu da kuka sani da sunansu za su wayi gari ranar Kirsimeti ba a ɗora tukunya ba?