Makarantar da Ummi Ta Zaɓa

Zuwa ga Maman Ummi,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Ni da Ummi mun iso lafiya, sai dai garin nan ba a shigarsa sai da haki. Duk tituna hawa ne, kana ƙofar wani kana leƙen rufin maƙwabcinsa.

Jiya muka fara duba makarantar da kika nace a sa Ummi, ta can ƙololuwar dutse, wadda mahaifinki ya yi. Ummi ta ƙirga matakala ɗari da sha huɗu. Ashe masu haƙar ma'adinai ne suka gina ta don 'ya'yan ma'aikatansu, kuma har yau da jiniyarsu ake tashin ɗalibai. Na ga sunan surukina a allon zakarun muhawara, shekara biyu a jere. Ashe gado kika yi, ni ina ta wahalar gardama da ke.

Amma wani abu ya tsaya mini a rai. Mataimakin shugaba ya yi wa Ummi tambaya, i'inarta ta tashi, sai ya ƙarasa mata kalmar yana duba agogo. Har sau uku. Daga nan ta kulle bakinta har muka sauko.

Mai masaukinmu, wani tsohon tela da ya shekara arba'in yana ɗinka wa makarantu biyu na garin nan kaya, ya ce daga tafiya yake gane ɗalibansu. Wai 'yan makarantar saman dutse ƙirji a gaba, 'yan ta ƙasan dutse kuwa sai kalle-kalle kamar baƙi. Gobe za mu ga ta ƙasan, don ina son sanin abin da suke kallo.

Ki gaida Inna.

Naki,
Baban Ummi


Maman Ummi,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Inna, ki karanta wannan a zaune.

Makarantar ƙasa tana bayan kasuwa, fentinta duk ya koɗe. A da asibitin masu tarin fuka ne. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta fara koya wa yaran da ke kwance karatu a kan gadajensu. Cutar ta tafi, karatun ya zauna. Shugabarta ta yanzu tsohuwa ce, ita ma a nan ta yi jinya tana ƙarama.

Ba ta yi wa Ummi jarrabawa ba. Cewa ta yi, tun shigowarki me ya ba ki mamaki? Ummi ta buɗe baki, kalmar ta maƙale. Matar ta ajiye biro, ta harɗe hannu tana jira. Ni ne na gaza haƙuri, na yunƙura zan taimaka, sai ta ɗaga mini hannu ba tare da ta dube ni ba. Can Ummi ta fito da ita: me ya sa ƙofofin ajujuwa suke da faɗi haka? Shugabar ta ce don a riƙa turo gadaje waje marasa lafiya su sha rana. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Malam, masu gajeren numfashi ne suka kafa makarantar nan. Ba ma ƙarasa wa kowa magana."

Wallahi kunya ta kama ni. Shekara nawa ni da ke muna yi mata haka a gida, muna cewa tausayi ne?

Ummi ta yi tambaya bakwai kafin mu fito. Na cike takardar shiga ban jira ki ba. Na san kin so ta zauna inda kakanta ya zauna, kuma idan kin yi fushi kina da gaskiya, a kaina za ki sauke. Sai dai ta roƙe ni kada in rubuta miki sauran tambayoyin shida. Ta ce da bakinta za ta faɗa miki ranar da kika dawo.

Allah ya ba Inna lafiya.

Mijinki,
Baban Ummi