Ɗalibina Bai Musulunta Ba, Kuma Ba Na So Ya Daina Zuwa

Lalla Munjiya,

Ki taimake ni da shawara, don Allah, kafin Juma'ar da dangi za su taru a karanta Fatihar baikon jikata. Ni tsoho ne, na haura tamanin. Na yi karatu a babbar makarantar addini ta Zaituna tun ana zama a tabarma, na koyar da Larabci a makarantar gwamnati har aka ce na gaji, alhali ni ban ce ba. Matata Shadliya ta rasu. Ƙafafuna suna kai ni masallacin unguwa in sun ga dama. Gidana yana garin Mahdiya kusa da tashar masunta, kuma in aka ƙwanƙwasa ƙofa, yawanci mai duba mitar wuta ne.

Jikar tawa, Ulfa, tana aiki a kantin magani. Ita ke kawo mini kuskus da kifi ran Lahadi, ta yi mini faɗa a kan gishiri, ta tafi. Ta samu miji. Sunansa Gaetano, Bature ne mutumin tsibirin Sisiliya, Kirista, mai gyaran injinan jiragen kamun kifi. Kin san yanzu doka ba ta hana ba. A da sai namiji ya kawo takardar musulunta kafin a ɗaura masa aure da Musulma. Tun da aka soke wannan umarni a 2017, su je ofishin magajin gari da shaidu, an gama. Ulfa ta bayyana mini haka da ƙarfi kamar ni kurma ne. Kurman ne, amma kunne ɗaya.

Ubanta, ɗana Munsif, ba doka ce ta dame shi ba, surukansa ne da abokan hirarsa na gidan gahawa. Ya zo gidana, abin da bai yi ba tun babbar Salla, ya ce: "Baba, abin ba wuya. Ka koya masa shahada da Fatiha, ya je ya karɓo takarda yadda ake yi a da. Ranar taro ka sa jar dararka, ka miƙe ka ce a hannunka ya musulunta. Wa zai ƙaryata ɗan Zaituna? Bayan nan ya yi salla ko bai yi ba, ni ma wa ke bibiyata?" Na ce masa tambayarsa ta ƙarshe tana da kyau.

Haka Gaetano ya fara zuwa bayan la'asar. Shahada ya haddace ta a zama ɗaya. Fatiha ba ta ba shi wuya ba. Sai na ce maƙogwaronsa bai buɗe ba tukuna, ya dawo gobe. Na ƙara masa alwala, na ƙara tarihin birnin Ƙairawan. Shi kuma ya gyara famfo, ya gyara tagar da Shadliya ta yi ta ƙorafinta har ta koma ga Allah. In an gama karatu mu sha shayi mu buga karta, shkubba. Wai wasan ƙasarsu ne. Na ce: "Kai, ɗan Rum, a wajenmu kuka ɗauka, har da lemon da kuke taƙama da shi." Yana kirana Baba Sidi kamar Ulfa. Yana barina in ci wasa, yana zaton ban gane ba.

Rannan na tambaye shi ko abin ya shiga zuciyarsa. Ya ajiye karta ya ce: "Baba Sidi, ba zan yi maka ƙarya ba. Ina son Ulfa, ina girmama abin da kake koya mini. Amma gicciyen da uwata ta ba ni yana aljihuna, a bakin ƙofarka nake cire shi. In ka ce in faɗa a gaban mutane, zan faɗa." Na ce masa ya raba karta.

Ulfa ma ta ce ita ba ta nemi a yi mata wasan kwaikwayo ba, Babanta ne mai so.

To, abin da aka karantar da ni shi ne auren nan bai inganta a addini ba, kuma ban ga abin da ya canza mini wannan ba. Malaman nan na Zaituna dai su suka karantar da ni cewa shaidar zur tana cikin manyan zunubai. In na miƙe ran Juma'a, na yi ƙarya da sunan Allah. In na ƙi, Munsif ya rantse ba zai sake taka gidana ba. Wannan zan iya jurewa, ya riga ya horar da ni. Abin da nake tsoro shi ne yaran su yi aurensu ba uba, su yi fushi su koma Palermo can Sisiliya, ƙofata ta koma ta mai mita. Karatun ya ƙare tuni, ni nake jan sa. Jiya na fara masa darasin rabon gado.

Me zan ce ran Juma'a?

Tsohon Malami, Mahdiya

Ya Sidi,

Kada ka miƙe ka faɗi abin da ka san ba haka yake ba. Ka riga ka san wannan, so kake wani ya tabbatar maka, na tabbatar.

Abu biyu ne aka cuɗa maka. A doka, Ulfa baliga ce, aurenta zai yi rajista ba tare da wata takardar musulunta ba, ba kuma sai da shaidarka ba. A addini, mafi yawan malamai suna kan abin da aka karantar da kai, 'yan kaɗan na wannan zamani suna ganin akasi. Ni ba mai fatawa ba ce, kuma ba zan ce ka bar abin da ka yi imani da shi ba. Amma ka lura, dabarar Munsif ba ta gyara komai a wajen Allah ba, gidan gahawa kawai ta gyara. Shi ma kada ka yi masa tsanani. Uba ne da ke tsoron bakin mutane, tsoron kuma ba na banza ba ne.

Kada ka bari sai Juma'a. Ka kira Munsif gobe, ku biyu, ka ce ba za ka yi shaidar ba, don ya samu lokacin shirya abin da zai gaya wa surukansa. Sannan ka zaunar da Ulfa ka faɗa mata ra'ayinka a kan auren, sau ɗaya, a fili, cikin taushi. Haƙƙinta ne ta ji daga bakinka, nauyin zaɓin kuma nata ne. Zuwa ɗaurin auren ko ƙin zuwa, wannan tsakaninka da zuciyarka. Zumunci dai kada ka yanke, ko me ta zaɓa.

Game da Palermo, ba ni da tabbacin da zan ba ka. Amma mutumin da ya gyara tagar da ba a sa shi ba, ya kuma gaya maka gaskiyar da za ta iya raba shi da matar da yake so, ban ga alamar takarda ce kaɗai ke kawo shi ba. Ya yi maka gaskiya, ka rama masa. Ka ce karatun dole ya ƙare, in yana da tambaya ƙofa a buɗe take, karta kuma tana nan bayan la'asar. Ka ce ya daina barinka kana ci.

Darasin rabon gado ka ajiye wa Munsif. Ka aika masa cewa za ka fara, za ka gan shi kafin shayi ya huce.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sanyaya zukatan gidanku, ya sa a riƙa ƙwanƙwasa ƙofarka har ka gaji da tashi.

Munjiya