An Cire Shirin Taurari

Maraɗi, daren Laraba

Yau direkta ya cire shirina na kimiyya daga rediyo. Na sha wahala kafin in samo misalin: gungun taurari jere suke a kan dogayen zare a sararin samaniya, kamar Jiratawa, Maraɗi da Tibiri a bakin gulbi, iskar gas na bin zaren tana haifar da sababbin taurari. Ko sauraro bai yi ba. Wai, "Haba Madam, wa ya aike ki sama? Alhaji na aurar da ɗa!" Gaisuwar bikin gidan wannan attajiri ta cinye filin shirina. Mutumin da kanun jarida kawai yake karantawa shi ke zaɓar abin da gari zai ji.

Mai haɗa sauti ya ce za a sa shirin ran Asabar. Direkta bai tabbatar ba tukuna.