Rasuwar Malama Klaudiya Dantong, Wadda Ta Ɗinke Mana Fayilolin Tarihi

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Masu Tattara Tarihin Unguwannin Jos, a madadin Mai Girma Shugabanta, Dattijo Hezekiya Chuwang, da ɗaukacin mambobinta, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar mambarta mai daraja, tsohuwar malamar lissafi, Malama Klaudiya Dantong ta Jos Jarawa, wadda ta rasu ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, bayan gajeriyar rashin lafiya, tana da shekara sittin da ɗaya.

Marigayiyar ta shigo ƙungiyar nan a 2019, lokacin da mu goma sha huɗu muke bin dattawan da suka yi aikin haƙar kuza, muna adana hirarsu a fayilolin rubutu zalla, kowa a kwamfutarsa, sannan mu tara su wuri guda. Idan an ambaci wani mutum a hira, sai a sa mahaɗin da zai kai mai karatu ga fayil ɗin mutumin. Amma da zarar wani ya sauya wa fayil suna, ko ya buɗe shi a wata kwamfutar, sai mahaɗan su mutu, har ta kai ranar da Hajiya Rabi ta Dutse Uku ta gyara harafi ɗaya a sunan fayil ɗin kakanta, hirarraki arba'in suka rasa hanyar zuwa gare shi. Malama Klaudiya ce ta kawo magani: kowane fayil a ba shi lamba ta dindindin, mahaɗi ya riƙa bin lambar maimakon sunan, kuma a ware wa kowane mamba jerin lambobinsa don kada mutum biyu su ɗauki lamba ɗaya. Wata uku ta yi tana bin fayiloli dubu da ɗari biyu ɗaya bayan ɗaya, kuma tun daga nan ba mu sake rasa sunan kowa ba.

Da izinin Mai Girma Shugaba, ni mai sa hannu a wannan takarda zan faɗi abin da ya kamata in faɗa tana raye. Ni ne na shimfiɗa tsarin farko da ya gaza, kuma na yi kishinta, kishi mai tsanani. Duk lokacin da mambobi suka ce "tsarin Klaudiya" sai in ji kamar an ƙwace mini wani abu. Ranar da baƙi suka zo daga Rikkos don koyon aikin, suka wuce teburina suka nufi nata, ban iya cin abinci ba. Saboda haka, da na zo rubuta rahoton ƙungiya na 2021, sai na rubuta cewa kwamiti ne ya yi gyaran, na bar sunanta a waje da gangan. Ta karanta a gabana, ta ce, "Oga Shu'aibu, ba komai, tunda mahaɗan suna aiki." Wannan haƙurin nata ya fi komai ƙona mini rai, shekara huɗu kuma ban nemi gafararta ba.

Ƙungiya ta gyara wancan rahoto, kuma tana shaida wa jama'a cewa aikin nata ne ita kaɗai. Jiya, da muka je gaisuwa, maigidanta, Malam Siman Dantong, ya miƙo mini littafin da ta bayyana tsarin a cikinsa dalla-dalla da hannunta, ya ce tun tana asibiti ta bar sallahu a damƙa mini. A shafin farko ta rubuta: "A ba Shu'aibu, shi zai iya riƙewa." Har a nan ma ta fi ni, kuma yau na yarda.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Malam Siman, da 'ya'yansu Ana da Precious, da 'yan'uwanta na coci, da dukkan mutanen Jos Jarawa, muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki ya sanyaya zukatansu, ya ba su ƙarfin jure wannan babban rashi. Amin.

Sa hannu:
Malam Shu'aibu Sharafaddeen
Kakakin Ƙungiyar Masu Tattara Tarihin Unguwannin Jos