Kawuna ya ce a cire tamostat, ni na ce a bar shi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, an yanka mini wa'adi zuwa ranar Juma'a, yau kuma ga shi Talata.

Ni injiniya ne a Doha, shekarata tara ina kula da gyaran manyan motocin wani kamfanin dakon kayan gini, tifofi da tankokin ruwa da tireloli, duk masu shan dizal. Wanda muka saɓa da shi kawuna ne, wan mahaifiyata, yana can gida Funtuwa. Bakanike ne na gaske, ya haura shekara talatin a ƙarƙashin manyan motoci, mota tana shigowa gareji zai gaya maka ciwonta daga ƙarar injin kafin direba ya kashe ta. A garejinsa na fara sanin mene ne inji. Na faɗi wannan tun farko domin kada wani ya ɗauka raini ne ya kawo ni nan.

Muna da wani guruf a waya na direbobi da makanikai, 'yan Arewa da 'yan Zangon Ghana, yawanci muna aiki a nan ƙasashen Larabawa, wasu kuma suna gida. Hirar ba ta wuce ƙarfin inji, shan mai, hayaƙi, da wace mota ta fi jan kaya a hawa. Musu kuwa ba ya yankewa. Akwai wata ƙa'ida da ba a rubuta ta ba amma kowa ya san ta, duk wanda ya kawo magana sai an tambaye shi shekara nawa ya yi a kan titi ko a ƙarƙashin mota. Idan shekarunsa sun kai, a ce ƙwarewa ce, a ɗauka. Idan ba su kai ba, a ce ra'ayi ne, kuma a guruf ɗin nan da zarar an kira maganarka ra'ayi to an jefar da ita ke nan, ba wanda zai sake komawa kanta. Ni da hannuna na saka Kawu a ciki shekara biyu da suka wuce, saboda ya rage aiki kuma zaman gida ya ishe shi. Kafin wata uku ya zama shi ne alƙalin ƙarshe, Baban Gareji suke kiransa, ni ma ina jin daɗin hakan.

Da zafi ya fara shigowa a bana, wani direban tifa mai suna Sabi'u, ɗan Gusau, magidanci mai 'ya'ya huɗu, yana aiki a wani kamfani daban da nawa, ya tambaya a guruf cewa allurar zafin motarsa tana ɗan hawa idan ya ɗauko kaya da rana. Kawu ya aiko da saƙon murya na minti bakwai. Ya ce a cire tamostat. Ya ce Bature ya yi shi ne domin ƙasar ƙanƙara, ya ce su a gida duk motar da ta sauka daga jirgin ruwa abu na farko da suke yi ke nan, balle Qatar da ake soya ƙwai a kan bonet.

Ga waɗanda ba su san mota ba, tamostat wani ɗan ƙarfe ne da bai kai tafin hannu ba, yana zaune a bakin hanyar ruwan inji. Idan inji yana da sanyi sai ya rufe hanyar lagireto har injin ya ɗumama, idan ya yi zafi sai ya buɗe ruwa ya tafi lagireto ya huce. Kuma abin da Kawu ya gani a zamaninsa gaskiya ne. Ruwan rijiya ake zuba wa lagireto a lokacin, tsatsa ta kama tamostat ya maƙale a rufe, mota ta tafasa a hanyar Birnin Gwari, ba sabo a kusa, bakanike ya cire shi ya jefar, mota ta tafi lafiya. Ya ga hakan ya yi aiki sau ba adadi, da idonsa. Amma motocin da muke da su a nan ba su ba ne. A cikinsu tamostat yana aiki biyu, lokacin da yake buɗe hanyar lagireto yana kuma toshe wata gajeriyar hanya da ke mayar da ruwa cikin inji kai tsaye. Ka cire shi, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe, ruwa mai yawa ya riƙa zagayawa ba tare da ya leƙa lagireto ba. Mota babu kaya za ka ga allura ta kwanta ƙasa ka yi murna, ranar da ka ɗauko lodi da tsakar rana ita ce ranar da za ta tafasa.

Ban amsa a guruf ba a ranar. Na kira Kawu ni da shi, na gaishe shi, na yi masa wannan bayanin a hankali. Ya yi dariya ya ce, ɗan nan, ranar da na fara cire tamostat uwarka ko aure ba ta yi ba, ka ci gaba da gyara mota da kwamfuta a cikin esi ka bar mu da ƙarfe. Na yi dariya ni ma, na bar maganar a nan. Sabi'u kuma na ce zan kira shi, aiki ya sha kaina na manta. Wannan laifina ne kuma ban neman a wanke ni daga shi.

Sabi'u ya cire a ranar hutunsa. Bayan sati uku motar ta tafasa da lodin tsakuwa a kan babban titi, gaskit ɗin kan inji ya ƙone, aka jawo ta. Da makanikan kamfaninsu suka buɗe suka tarar gidan tamostat babu komai a ciki. A nan ƙasar motar kamfani ba taka ba ce, taɓa injinta ba izini laifi ne da kwantiragi ya ambata ƙarara. Aka sallame shi, aka soke bizarsa. Kwana biyu kafin ya tashi ya neme ni muka haɗu a Corniche, bakin tekun Doha, bayan la'asar, muka zauna muna kallon jiragen katako yana ba ni labari. Bai zagi kowa ba. Abu ɗaya ya roƙe ni, ya ce Oga ka rufa mini asiri, kada guruf ya ji, zan ce hutu na tafi, domin akwai wanda yake nema mini aiki a wani kamfani ta cikin guruf ɗin, idan aka ji na taɓa injin kamfani ba mai ɗaukata. Na yi masa alkawari.

Satin da ya wuce wani direban ya sake kawo tambayar zafin inji. Kawu ya sake aiko da murya, wannan karon har da shaida. Ya ce ku tambayi Sabi'u, ya bi maganata ya cire, motarsa ta yi sanyi ƙalau har ya samu sukunin tafiya hutu. Mutane suka yi ta jera masa addu'a, direbobi uku suka ce su ma za su cire ranar Juma'ar nan mai zuwa da ba aiki.

A nan na rubuta. Na yi bayanin hanyoyin ruwan nan biyu dalla-dalla, na saka hoton tamostat na irin motocinmu da na ɗauka a wurin aiki, na ce mai fama da zafi ya fara da wanke lagireto, ya duba fanka da murfin ruwa, sannan ya kai ƙorafi ofishin gyara na kamfaninsa. Ba zagi, ba habaici. Nan take wani ya jefo tambayar da aka saba, shekara nawa ka yi a ƙarƙashin mota da za ka gyara wa Baban Gareji magana. Sai na amsa da ƙa'idarsu. Na ce a kan irin wannan injin na yi shekara tara, Kawu kuma bai taɓa buɗe ko guda ɗaya ba, saboda haka in dai da shekaru ake aunawa, a wannan maganar nawa ne ƙwarewa, nasa ne ra'ayi.

Guruf ya kama da wuta. Wani ya ce girman kan 'yan boko ne. Wani ya ce in ɗauki hoton faratana a gani ko akwai baƙin mai a ƙarƙashinsu. Wani direban tirela da ke Kuwait ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin littafi ya ja lodi ba. Mutum biyu kacal suka ce a tsaya a duba abin da na faɗa, su ma aka tambaye su shekarunsu suka janye. Kawu ya aiko da murya ta daƙiƙa arba'in, mafi gajarta tun shigarsa, ya ce ya gode, Allah ya yi mini albarka, shi dai ya san hannun da ya fara ɗora wa sifana. Tun daga ranar bai ɗaga wayata ba. Mahaifiyata ta kira, ba ta tambayi mene ne tamostat ba kuma ba ta son ta sani, cewa ta yi wato a kan wani guntun ƙarfe zan kunyata ɗan'uwanta a gaban ɗaruruwan mutane, in gyara kafin ta sake jin muryata.

Jiya admin ɗin guruf, Malam Isufu, mutumin Zangon Kumasi ne kuma dattijon kirki, ya neme ni muka sha shayi a wani shago a unguwar Mesaimeer a nan Doha. Ya ce dattawan guruf sun zauna, ba sa son in goge bayanina, ba sa ma neman doguwar ban-haƙuri. Ya ce, Injiniya, layi ɗaya ne, ka rubuta a ƙasa cewa wannan ra'ayina ne kawai, Baba ya fi ni sani, shi ke nan, kowa ya huta. Na ce Malam Isufu kai ka fi kowa sanin abin da kalmar nan take yi a guruf ɗinmu, ina rubuta ta mutum ukun nan za su kwance motocinsu ranar Juma'a. Ya ce to kawo shaida, nuna mana mota ɗaya da ta lalace saboda an cire, mu mutanen gani-da-ido ne. Na kalle shi, shaidar tana bakina, na haɗiye ta da shayin. Ya ce idan Juma'a ta yi ban rubuta ba za su cire ni, su goge bayanin gaba ɗaya, domin zaman lafiyar guruf ya fi ƙarfe.

Daga nan na kira Sabi'u a Gusau na roƙe shi ya yarda in faɗa, ko da ba suna. Ya ce Oga ai Baba ya riga ya kira sunana, kana cewa wata mota ta tafasa kowa ya san tawa ce, kuma maganar aikin nan ta kusa faɗawa, yarana huɗu. Ban matsa masa ba. Direbobin nan uku na bi su ɗaya bayan ɗaya ta waya. Biyu suka ce sun ji, sun gode, amma Baba ya fi ni daɗewa a harkar. Na ukun ya karanta saƙona bai amsa ba.

Ga matsayina, domin ku san inda za ku ɗora shawarar. Na yarda ban kyauta ba da na kira sunan Kawu a bainar jama'a, ko da abin da na faɗa gaskiya ne, akwai hanyar faɗarsa da ba sai na auna shi da ma'aunin da ake auna yara ba. A kan wannan a shirye nake in ba shi haƙuri a guruf, in ba shi a waya, in na je gida in durƙusa a gabansa a cikin garejin nasa. Amma layin nan ba zan rubuta shi ba. Yadda ruwa ke bi a cikin inji ba ra'ayina ba ne, ba ni na tsara shi ba, kuma ba ya sauyawa don an ji kunyar babba. Na yi shiru sau ɗaya saboda ladabi, mutum ya koma gida da jaka ɗaya. Masu shirin ce mini babba babba ne a bi shi kawai, na ji ku tun kafin ku rubuta, mahaifiyata ta riga ku faɗa kuma ta fi ku iko da ni. Ku gaya mini wanda zai ciyar da gidajen mutum uku idan aka soke bizarsu, sai in bi.

Abin da na kasa warwarewa shi ne wannan. Idan na tsaya a kan bakana aka cire ni, bayanin ya tafi tare da ni, muryar Kawu ce kaɗai za ta rage, kenan taurin kaina bai ceci kowa ba. Idan na fito da labarin Sabi'u, musu ya ƙare a minti ɗaya, amma na karya alkawari, na toshe wa mutum hanyar abincinsa, kuma Kawu zai ji a gaban kowa cewa shawararsa ce ta raba wani da aikinsa, alhali yana alfahari da shi. Na yi tunanin in gaya wa Kawu shi kaɗai, na san shi, idan ya ji gaskiyar abin da ya faru da kansa zai janye, ba mugu ba ne. To amma wannan ma karya alkawari ne, kuma ba ya ɗaga wayata, sai dai in bi ta wurin mahaifiyata, abin da ya shiga kunnen gidanmu kuwa ya shiga Funtuwa.

Saboda haka jama'a, musamman direbobi da makanikai da ke cikin zauren nan, da waɗanda suka taɓa saɓawa da wanda ya rene su a kan abin da suka tabbatar, me zan yi kafin Juma'a? Alkawarin da na yi wa mutum ɗaya ya fi nauyi, ko aikin mutum uku da ba su san abin da na sani ba? Kuma idan a cikinku akwai wanda ya taɓa ba babba haƙuri har ya huce ba tare da ya yi ƙarya ko ta kalma ɗaya ba, ya rubuto mini ainihin abin da ya ce masa. Kwana uku gare ni.