Raƙumar Auta

Talata Mafara, 6 ga Yuli

Zuwa ga Yaya Adama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki Malam Maikuɗi da yara. Ki durƙusa ki gaishe mini da Inna. Ya ƙafafun nata? Tun da waya ta ƙi shiga Dakko, na ba Ɗan Juma mai babur wannan takarda.

Albishirinki! Tsohuwar Lankuruzar nan da kike cewa kaji ma sun raina ta, ta tashi. Wata biyar ina ƙarƙashinta a gareji. Na ƙara mata sifirin, na ɗaga ta sama, na sa mata manyan tayoyi masu haƙora, na ɗaura mata bututun shan iska har saman gilashi. Ranar Juma'a na gwada ta a lakar hanyar Kaya, na sa mata giyar ƙafa huɗu, ta wuce tana gurnani, mutanen Maradun suna yi mini tafi.

Kin san dalilin wahalar. Matata Mardiya ta shiga watanta, bayan shekara tara muna roƙon Allah. In mace ce, sunan Inna za ta ci. Shekara uku ke nan gwiwa ta hana Inna hawa babur, kuma da damina ƙaramar mota ba ta ƙetare fadamarku. Na yi alkawari da hannunta za ta karɓi abin da aka haifa. Ina nan tafe Lahadi in ɗauko ta tun da wuri.

Ƙaninki,
Sharhabilu

Dakko, 14 ga Yuli

Zuwa ga Autan Inna,

Wa'alaikumus salamu. Muna lafiya, ina fatan ka isa gida lafiya, kai da benen da ka zo da shi.

Ka tafi ko ruwa ba ka sha ba, shi ya sa na biyo ka da takarda. Gaskiya ka burge gari. Har yau ana labarin yadda ka ratsa fadama, laka har wuya, ba a tura ka ba. Amma Auta, wata biyar kana auna zurfin laka, ba ka taɓa auna ƙafar tsohuwarka ba? Ƙofar motar nan a ƙirjina take, ni da nake da tsawo.

Kada ka ji haushin ta ƙi a ɗaga ta. Rabin gari ya taru, ga surukinta tsaye. Bayan tafiyarka ta ce mini, "Ni ba buhun gero ba ta, da ƙattai za su cicciɓa ana kallo. Raƙumi ma, duk tsawonai, durƙusawa shikai a hau shi." Yanzu kowa Raƙumar Auta yake kiran motarka.

Dariya na yi, amma ita ba ta yi ba. Kayan da ta ɗaure tun ranar da na karanta mata takardarka suna nan bakin gado, ta hana a kwance. Har da ɗan zanen goyo da ta ɓoye shekara tara.

Yayarka,
Adama

Talata Mafara, 2 ga Agusta

Yaya Adama,

Sallama da gaisuwa. Alhamdu lillahi, Mardiya ta sauka jiya Asabar da hantsi, mace, lafiya lau. Hancin Inna ne sak. Suna ranar Asabar mai zuwa.

Ina cikin farin ciki, amma raina ba a kwance yake ba. Na yi wa motar matakala ta walda, hawa uku. Na sa Gwaggo Fatima maƙwabciyarmu ta gwada, ita da ta fi Inna ƙarfin gwiwa, a hawa na biyu ta zage ni ta sauko. Na sace iskar tayoyi, abin da ya ragu bai fi taƙi ɗaya ba. In na cire sifirin na mayar da ita yadda take, Inna za ta shiga, amma a tsakiyar fadama za mu kwana. In na bar ta haka, zan ƙetare, in dawo ni kaɗai. Gaba kura, baya sayaki.

Ni da ake kawo wa mota daga Jangebe da Bakura don in gyara, yau dabara ta ƙare mini. Ki ba ni shawara, ko da zagi za ki haɗa.

Naki,
Sharhabilu

Dakko, 4 ga Agusta

Baban jaririya,

Barka, barka! Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Inna ta yi guɗa har muryarta ta dushe.

Zagin na ajiye maka sai mun haɗu. Shawara kuwa daga Malam ta fito. Yana cin tuwo na karanta masa takardarka, ya ce, "Shi Auta bai taɓa zuwa kara, kasuwar shanu, ranar Talata ba? Wa ya taɓa ɗaga bijimi ya sa a mota? Rami aka gina mata, ta gangara ciki, bakinta ya yi daidai da ƙasa, bijimi ya taka ya shiga."

Yau da safe shi da ƙannensa sun fara haƙa a ƙofar gida, mai gangara, tsawon motarka, za su zuba tsakuwa saboda ruwa. Kai ma ka haƙa irinsa a ƙofar gidanka, don wanda ya hau sai ya sauka. Ka zo Alhamis.

Abu ɗaya: ka rufe bakinka. Mun ce mata ramin kwashe ruwan damina ne. In ta ji cewa dabarar lodin shanu ce, wallahi ko takwararta ta yi aure ba za ta shiga motar nan ba.

Adama

Talata Mafara, 9 ga Agusta

Zuwa ga Adama, daga Inna. Ni Sharhabilu nake rubutawa, ta ce kada in gyara mata magana.

Ina gaishe ki, ina gaida Malam, Allah shi yi mai albarka. Mun iso lahiya. Raƙuma ta durƙusa can, ta durƙusa nan. Cikin hwadama na rufe ido ina salati, da niɓ buɗe sai ga mu tudu. An yi suna jiya, takwarata tana bisa cinyata yanzu haka, cikin zanen nan.

Ki hwaɗa ma Malam, shekara talatin niy yi da ubanku yana kai shanu Kudu. Tun ranar da anka sa diga nis san ko ramin mi na. Shiru niy yi, don in ga ɗiyar ga ko bayan shanun anka ce in shiga, da na shiga.

Kada a cike ramin. Bayan arba'in ina dawowa, kuma da Salla ina son komawa.

Wassalam.